Darasi na 9: Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, Tarihinsa da Abin da Yake Adanawa

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bambanta Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da sauran ɗakunan karatu;
2. faɗin abin da ya faru a 1950 da 1964 da 1970 game da adana littattafai a Nijeriya;
3. lissafa kwafin da doka ta ce mai buga littafi ya miƙa;
4. gane lambar ISBN a jikin littafi;
5. sanin yadda zai kula da tsofaffin kundayen gidansu, da wuraren da ake adana irinsu.

1. Mene ne Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa?

Manomin kirki a garin Kaya, idan an yi girbi, yakan zaɓi zangarniyar da ta fi cika ya ɗaure ta daban, ya rataye inda ɓera da danshi ba za su kai ba. Wannan iri ne. Ko bazara ta matsa, ba a sussuka shi a yi tuwo. Haka ƙasa take yi da littattafanta: daga cikin kowane littafi da aka buga, ana ware 'yan kwafi a ajiye su a wuri guda, domin waɗanda ba a haifa ba su zo su tarar. Wurin da ake wannan ajiya shi ne Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa.

Ɗakunan karatu, waɗanda da yawanmu muke kira laburare, iri-iri ne. Akwai na makaranta, kamar wanda ke Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara ko Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, inda ake tara littattafan da ɗalibai da malamai suke bukata. Akwai na jama'a, wanda gwamnatin jiha take buɗewa domin kowa. Waɗannan suna zaɓar abin da za su saya, kuma idan littafi ya tsufa suna iya fitar da shi su kawo sabo. Na ƙasa ba ya zaɓe a kan abin da aka buga a Nijeriya, ba ya kuma zubarwa. Littafin farfesa da ɗan littafin koyon alwala mai shafi 16 duk hakkinsu ɗaya a wurinsa. Shi ya sa ba a ba da aron littafinsa a tafi da shi gida. Ka shiga, ka nemi abin da kake so, ka zauna ka karanta, ka mayar.

> AKWATIN MA'ANA
> Ɗakin karatu (laburare): wurin da ake tara littattafai da jaridu cikin tsari domin mutane su karanta.
> Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa: hukumar gwamnatin tarayya da doka ta ɗora wa alhakin tattarawa da adana duk abin da aka wallafa a ƙasar.

2. Ajiyar littafi ta girmi gwamnati

Kada ɗalibi ya ɗauka Turawa ne suka koya mana tattalin littafi. Tun kafin zuwansu, malaman ƙasar nan suna da ɗakunan karatu a zaurukansu. Almajiri yakan zauna wata da watanni yana kwafe littafin malaminsa da alƙalamin kara da tawada, sannan a haɗa warƙoƙin tsakanin fata biyu, a ɗaure, a sa a gafaka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a ƙasar Zamfara tun kafin jihadin 1804, kuma Faru tana cikin garuruwan da tarihi ya ambata ya zauna. Yawancin abin da muka sani game da wancan zamani daga rubutun mutanen gidansa muka same shi, kamar *Infaƙul Maisuri* na Muhammadu Bello wanda ya rubuta a 1812, da *Tazyinul Waraƙati* na Abdullahi ɗan Fodiyo, da waƙoƙin Nana Asma'u da ta rasu a 1864. Waɗannan sun iso hannunmu ne saboda an yi ta kwafe su ana kai su gari-gari. Littattafan da ba su sami mai kwafewa ba, wasunsu sunayensu kawai suka rage.

Injin buga littafi ya canja lissafi. A 1934 aka fitar da *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A watan Janairun 1939 jaridar *Gaskiya Ta Fi Kwabo* ta fara fitowa daga Zariya. Da aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, wanda shi ne kakan wannan aji namu, aka riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna domin sababbin makaranta. Jaridar Lardin Sakkwato ita ce *Zaruma*, kuma a lokacin Mafara da Bakura da Maradun duk cikin wannan lardi suke. Sai abin bugawa ya yawaita fiye da yadda malami ɗaya ko gida ɗaya zai iya tarawa. Jarida kuwa, yau a karanta ta, gobe a ƙunshe tsire da ita. Dole aka bukaci wata hukuma da za ta ɗauki ajiyar a matsayin aikinta.

3. Yadda aka kafa shi

Matakin farko ya zo a 1950, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta tilasta wa masu buga littattafai su riƙa aika kwafi zuwa ɗakin karatu na Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948. Shekara 20 Ibadan tana riƙe da wannan amana, tana kuma fitar da jerin sunayen littattafan da aka buga a ƙasar.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, ma'aikatan laburare suka matsa cewa ƙasa mai cin gashin kanta ta cancanci nata ɗakin karatun. Gidauniyar Ford ta Amurka ta ɗauki nauyin wani ƙwararre, Dokta Carl White, wanda ya iso a 1962 ya tsara yadda za a fara. A 1964, ƙarƙashin gwamnatin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, majalisa ta zartar da dokar kafa shi, aka buɗe shi a Legas a watan Nuwamba na wannan shekara. Abin sha'awa ne a ce shugaban gwamnatin da ta kafa ɗakin shi kansa marubucin Hausa ne.

Sai dai dokar 1964 tana da giɓi, domin ba ta ba ɗakin ikon karɓar littattafai daga dukkan sassan ƙasa ba. An gyara wannan da Doka ta 29 ta 1970, a zamanin Janar Yakubu Gowon. Ita ce ta mayar da amanar ajiya daga Ibadan zuwa gare shi, ta kuma ba shi damar buɗe rassa a jihohi. Simeon Aje ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabance shi, daga 1971, kuma Alhaji Mu'azu Wali yana cikin waɗanda suka riƙe shi daga baya. A 2021 aka naɗa Farfesa Chinwe Anunobi. Hedikwatarsa yanzu tana Abuja, yana kuma da rassa a yawancin jihohi, ciki har da Kaduna da Kano da Sakkwato.

Akwai wani abu da bai kamata a ɓoye wa ɗalibai ba. An ba da kwangilar gina masa mazauni na dindindin a Abuja a 2006, amma aka shafe fiye da shekara 15 ginin bai kammala ba, ma'aikata suna aiki a gidan haya. Wannan abin takaici ne, domin takarda ba ta jure yawan ƙaura, kuma ba ta jure ɗakin da ba don ita aka gina shi ba.

4. Ajiyar doka

Wannan shi ne ƙashin bayan darasinmu, don haka mu bi shi a hankali. Ɗakin karatun ba ya sayen littattafan da aka buga a Nijeriya. Doka ce ta ce wanda ya buga ya kai masa kyauta, a kan kuɗinsa, cikin wata ɗaya da fitowar littafin. Dabarar tsohuwa ce a duniya: Sarkin Faransa ya fara kafa irinta tun a 1537. A Nijeriya dokar 1970 ta raba adadin kamar haka:

- mai buga littafi mai zaman kansa: kwafi 3;
- gwamnatin jiha da hukumominta: kwafi 10;
- gwamnatin tarayya da hukumominta: kwafi 25.

Daga cikin kwafi 3 ɗin nan, biyu suna zama a ɗakin karatu na ƙasa, ɗaya kuma a aika Jami'ar Ibadan. Hikimar a fili take: idan gobara ko ambaliya ta ci na wuri ɗaya, na ɗaya wurin yana nan.

> AKWATIN MA'ANA
> Ajiyar doka: kwafin da doka ta wajabta wa mai buga littafi ya miƙa kyauta domin a adana.
> Mawallafi: wanda ya ɗauki nauyin fitar da littafi ga jama'a. Idan marubuci ya kai aikinsa maɗaba'a da kuɗinsa, shi ne mawallafin.

*Misali na 1.* Wani malamin Islamiyya a Kaya ya rubuta ɗan littafi a kan rabon gado, ya kai wata maɗaba'a a Gusau aka buga masa kwafi 500. Da ya je ɗauka, sai mai maɗaba'ar ya ce, “Malam, ka ware na gwamnati kuwa?” Malam ya ce, “Wace gwamnati kuma, Alhaji? Da kuɗina na buga.” To, tunda da kuɗinsa ya buga, shi ne mawallafi, kuma shi doka take magana da shi. Zai ware 3, ya rage masa 497. Nan da shekara 30, waɗannan 497 za su iya ƙarewa a hannun yara da ruwan damina. Ukun nan su ne jikansa zai iya zuwa ya nema.

*Misali na 2.* Wata ma'aikatar jiha ta buga littattafai 2, ɗaya a kan noman rani, ɗaya a kan rigakafin dabbobi. Kowanne kwafi 10 za a miƙa. Jimla 2 sau 10, wato 20.

Ina matsalar take? Tana cikin tarar da dokar ta yanka wa wanda ya ƙi miƙawa. A wancan zamani kuɗi ne masu kauri, yau kuwa ko ƙullin gishiri da ƙyar su saya. Saboda haka tsoron tara ba ya sa kowa ya kai, sai wanda ya fahimci amfanin abin. Mu Hausawa mun yi babbar asara ta wannan ƙofa. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta maza da mata suka cika kasuwannin Kano da sauran garuruwa da littattafan hikaya, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Matan aure a Bakura da Mafara sun yi ta karɓar aron irin waɗannan littattafai gida-gida har bangonsu ya yage. Da yawa daga littattafan wancan zamani marubutan ne suka buga da kansu, babu lamba, babu shekarar bugu, ba a kuma kai ajiya ba. Wanda yake neman wasunsu yau sai ya bi tsofaffin masu shagon littafi yana roƙo.

5. Abin da ake samu a ciki

Kashi mafi daraja shi ne na abubuwan da suka shafi Nijeriya: waɗanda aka buga a cikin ƙasar, da waɗanda 'yan ƙasar suka rubuta a waje, da waɗanda baƙi suka rubuta a kanta, cikin Ingilishi da Hausa da Larabci da Yarabanci da Ibo da sauran harsuna. Bayan su akwai takardun gwamnati, kamar gazet da rahotannin kwamitoci da bayanan zaman majalisa. Akwai jaridu da mujallu da aka ɗinke wata-wata ko shekara-shekara. Akwai taswirori, da ƙamus-ƙamus, da littattafan da ake saye daga ƙasashen waje. A 'yan shekarun nan ana ɗaukar hoton tsofaffin jaridu ana sa su a kwamfuta, domin a rage taɓa takardar da ta riga ta yi rauni.

*Misali na 3.* An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978. A watan Afrilun 1980 rikici ya ɓarke tsakanin manoman yankin da 'yan sanda a kan diyyar gonaki, aka yi asarar rayuka. Dattawa da yawa a yankin sun ga abin da idonsu. A ce wata ɗaliba, jikar ɗaya daga cikin manoman, tana so ta rubuta tarihin abin. Za ta fara da kakanta: “Baba, ina gonarku take kafin ruwa ya ci ta?” Ta rubuta abin da ya faɗa. Daga nan ta je reshen ɗakin karatu, ta gaya wa ma'aikaci sunan jaridar da take so, misali *New Nigerian* ta Kaduna ko *Gaskiya Ta Fi Kwabo*, da watan da shekarar. Sai ta gwada abin da jarida ta buga, da abin da gwamnati ta ce, da abin da kakanta ya gani. Ku lura da abu ɗaya: wanda ya zo da suna da wata da shekara, nemansa ya fi sauƙi fiye da wanda ya ce kawai “labarin dam nake so”.

Haka abin yake ga waƙa. Wannan yanki ne ya fitar da Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura, ya shahara da sunan Maradun, ya rasu a 1991, da kuma Sa'idu Faru. Kaset yana cinyewa, waya tana faɗawa ruwa. Amma tarihin makaɗa da manazarta suka rubuta, kamar *Makaɗa da Mawaƙan Hausa* na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, littafi ne bugagge, kuma irinsa ne ajiyar doka take karewa.

6. Lambar littafi

Ɗauki littafin da ke hannunka ka juya bayansa. Za ka ga haruffa huɗu, ISBN, da lambobi a gabansu. Wannan ita ce shaidar littafin a duk duniya, kuma babu littafi biyu da suke tarayya a lamba ɗaya. A Nijeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne yake bayar da ita. Tun daga 2007 lambobin 13 ne. Jaridu da mujallu tasu daban ce, ana kiranta ISSN, mai lambobi 8.

*Misali na 4.* Ga lambar gwaji: 978-978-12345-6-9. Kashi na farko, 978, yana nuna cewa wannan kaya littafi ne. Kashi na biyu, shi ma 978, shi ne lambar Nijeriya. Na uku na mawallafi ne, na huɗu na littafin kansa, na ƙarshe kuma na tantancewa ne, wanda kwamfuta take gane kuskure da shi. Don haka duk littafin da ka ga lambarsa ta fara da 978-978, a Nijeriya aka yi masa rajista.

Daga littattafan da aka miƙa ne ɗakin yake tsara jerin sunayen abin da aka wallafa a ƙasar. Littafin da bai shiga wannan jeri ba, mai bincike a Zariya ko Yamai ba shi da hanyar sanin an taɓa rubuta shi.

> AKWATIN MA'ANA
> ISBN: lamba 13 da ake ba kowane littafi domin a gane shi a ko'ina.
> Rubutun hannu: littafi ko wasiƙa da aka rubuta da alƙalami, ba a buga da inji ba, ko da Larabci ko da ajami ko da boko.

7. Kundayen da ke gidajenmu

Ajiyar doka ta shafi abin da aka wallafa ne. Gafakar kakanka ba ta ciki, kuma babu wanda zai ƙwace maka ita. Amma akwai wuraren da suka ƙware a kan irin waɗannan takardu: Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna wanda aka kafa a 1970, da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin lardunan Arewa na zamanin En'e suke.

Wanda ya taɓa kwance tsohuwar gafaka ya san abin da ake tararwa. Igiyar fatar ta bushe, tana karyewa a hannu. Warƙar sama ta yi ja kamar an jiƙa ta da shayi, gefenta yana marmashewa, gara ta huda hanya ta cinye rabin layi, jan tawadar da aka yi wasali da ita kuwa tana nan raɗau. Warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, kuma ba su da lambar shafi. Kalmar da marubuci ya sa a ƙasan shafi ita ce farkon shafi na gaba, da ita ake gane jerinsu. Idan yaro ya watsa su, sai malami ya yi kwanaki yana haɗawa.

Ga abin da kowa zai iya yi. A ɗaga kundi daga ƙasa, a nisanta shi da bango mai danshi da inda ɗaki yake ɗiga. A naɗe shi da farin ƙyalle mai tsabta, kada a sa shi a leda, domin leda tana tara gumi. Kada a liƙe yagewa da salatif ko gam. A wanke hannu a bushe kafin a taɓa. Sannan, a wannan zamani da rashin tsaro ya tayar da ƙauyuka da dama a ƙasar Maradun da maƙwabtanta, mutane suna fita da abin da hannu zai iya ɗauka kawai, ya kamata duk mai kundi ya sa a ɗauki hoton kowane shafi da waya, bi da bi, a inuwa mai haske, a tura wa 'yan'uwa biyu ko uku da ke wasu garuruwa. Takardun gona da na gado da wasiƙun sarauta su ma a yi musu haka.

Tambayoyin bita

1. Kawo bambanci biyu tsakanin Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da laburaren makaranta.
2. Wane wuri ne ya riƙe ajiyar littattafan Nijeriya daga 1950 zuwa 1970?
3. A wace shekara aka buɗe Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, kuma a wane gari? Wane giɓi dokar 1970 ta cike?
4. Wata ƙungiyar mata a Talata Mafara ta buga littafin girke-girke kwafi 300 da kuɗinta. Kwafi nawa za ta miƙa, nawa za su rage mata?
5. Wata hukumar tarayya ta buga rahotanni 4. Kwafi nawa za ta miƙa gaba ɗaya?
6. Me ya sa ake aika kwafi ɗaya Ibadan?
7. Duba bayan littattafai uku a gida ko a aji. Rubuta lambar ISBN ta kowanne, ka faɗi wanda aka yi wa rajista a Nijeriya.
8. Faɗi abubuwa uku da suke lalata tsohon kundi, da yadda ake kare shi daga kowanne.
9. Aikin gida: tambayi wani dattijo ko dattijuwa a unguwarku sunan littafi ko jaridar da suka fara karantawa, da shekarar in sun tuna. Rubuta amsar cikin jimla biyar, ka kawo aji mako mai zuwa.